Ku Tambaya Mu Amsa: Tsohuwar Azurfa da Tsohon Katako

Tambaya: Assalamu alaikum. Na gaji wata tsohuwar butar shayi mai hannun katako, ta yi baƙi ƙirin. A gindinta akwai ƙananan hatimai huɗu: zaki, anga irin ta jirgin ruwa, harafi ɗaya shi kaɗai, sai wasu haruffa biyu. Azurfa ce ta gaske? Da me zan wanke ta?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Alamun nan na Ingila ne. Zakin da ke tafiya ya ɗaga ƙafarsa ɗaya ta gaba shaida ce cewa cikin kashi 1000 na ƙarfen, kashi 925 azurfa ce, sauran galibi jan ƙarfe ne da ake haɗawa don ta yi ƙwari. Tun 1544 ake buga shi. Anga kuwa tambarin ofishin gwajin azurfa na Bamingam ne, wanda aka buɗe a 1773. Da ta Landan ce, kan damisa za ki gani. Harafin da ke shi kaɗai shekarar gwaji yake nunawa, amma sai an haɗa salon rubutunsa da siffar zagayensa, don haruffan maimaituwa suke yi. Haruffa biyun na maƙerin ne.

Ki duba da gilashin ƙara girma. In kin ga EPNS, to ruwan azurfa ne kawai aka yi wa wani ƙarfe. Kada ki dogara da maganaɗisu, domin duka biyun ba ya kama su.

Baƙin nan ba datti ba ne, farar wuta ce da ke cikin iska ta haɗu da azurfar. Ki goge da ruwan ɗumi, sabulu mara ƙarfi da tsumman auduga, ba tare da kin tsoma hannun katakon ba, ki busar nan take. Sannan ki ɗan shafa man goge azurfa, ki dafe hatiman da yatsa, don kowace guga tana cin ƙarfe, kuma buta mai shafaffen hatimi darajarta ta faɗi. Man goge haƙora yana karce ta. Dabarar nan ta takardar alminiyom da ruwan zafi da bekin soda ma ba mu so ta ga tsohon kaya, saboda tana cire har duhun da ke cikin zane, alhali shi ke fito da adon. Wajen ajiya, ki nisanta ta da roba, ulu da jarida.

Tambaya: Tsohon kabad ɗina yana da ƙananan huji da yawa. Kafinta ya ce a kankare shi da samfefa a sake fenti. In yarda?

Amsa: Malam, kada ka yarda. Fuskar katakon ta asali ita masu tara irin kayan nan ke biyan kuɗi dominta, in an kankare ba ta dawowa.

Hujin aikin ƙwaron katako ne. Shimfiɗa baƙar takarda a ƙarƙashinsa na 'yan makonni. In sabon gari mai haske ya zubo, ƙwaron na da rai, sai ka ware kabad ɗin daga sauran kaya ka nemi ƙwararren mai gyaran tsoffin kaya. In huji ya yi duhu kuma ba gari, tsohon ciwo ne. Kakin zuma kaɗan sau ɗaya a shekara ya wadatar, a ajiye shi nesa da rana da bango mai danshi.