Maganar ƙofar nan da ka tambaye ni

Ɗana, saƙonka ya shigo tun shekaranjiya da daddare, na karanta na yi dariya har Innarku ta leƙo tana tambayar ko lafiya, amma da na kwanta sai barci ya ƙi zuwa. Wai kana so ka san ko wannan abin da muke faɗa, cewa saurayi da yarinyar da zai aura kada su rufe ƙofa su biyu a ɗaki kafin a ɗaura aure, yana cikin Littafi Mai Tsarki ne ko kuwa tsofaffi ne suka ƙirƙiro dan kawai su takura wa yara. Ka ce ai saura wata 4, kuna addu'a tare, ku biyun kuna cikin mawaƙan coci, kuma kai ka san kanka. Toh wannan "na san kaina" ɗin ce ta sa ni dariya, ita ce kuma ta hana ni barci, dan kalmar da na faɗa wa kakanka kenan ido da ido ina ɗan shekara 26.

Kakanka ba mutum ne mai musu ba. Ranar yana zaune yana gyaran wata tsohuwar fitila, ko ɗago kai bai yi ba, sai ya ce mini, kai ka fi Dauda addu'a ne? Na ce a'a Baba. Ka fi Samson ƙarfi? Ka fi Sulemanu hikima? Na yi shiru. Ya ce toh duk su ukun nan a wuri ɗaya aka kayar da su, ja da baya ga rago ba tsoro ba ne. Daga nan ya cigaba da fitilarsa. Ni kuwa na fita ina cewa a raina tsoho bai san zamani ba.

Lokacin ina aikin akawu a wani ofis, an riga an yi mana alkawari da Innarku. Babu kwamfuta a lokacin, duk ƙarshen wata da hannu muke haɗa lissafi, wani lokacin sai dare ya yi muna kai. Akwai wata yarinya mai buga tafireta, ita ke buga takardun da na gama. Ka ji ni da kyau, ba mutuniyar banza ba ce, yarinya ce mai kirki mai fara'a wadda take nesa da iyayenta, ba ta da kowa kusa. Da farko ba komai, in mun tashi da dare nakan raka ta ina tura kekena muna hira, abin da kowane mai mutunci zai yi. Satin farko ma har na ba Innarku labarinta. Amma ban san ranar da na daina ambatar sunanta ba. In Innarku ta ce yau ma ka yi dare, sai in ce aiki ne, kuma ba ƙarya na yi ba, aikin ne, sai dai rabin gaskiyar na ba ta na riƙe rabi a aljihu. Wata 3 ina haka. Ban taɓa ko hannun yarinyar nan ba, ina zuwa sujada, ina cin jibin Ubangiji, da ka tambaye ni a lokacin da na ce maka zuciyata fes take. Kakarka takan ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, nawa bangon kuwa ya tsage tun ranar da na fara ɓoye sunan nan, ni dai ban duba ba.

Ranar da abin ya faru mun fito kenan hadari ya haɗo, kafin mu yi nisa ruwa ya tsinke kamar da bakin ƙwarya. Ɗakin da take haya yana kusa, ta ce shigo ka fake har ya tsagaita. Na jingina keken a bakin ƙofa, na cire takalmana dan sun jiƙe sharkaf, na shiga na zauna a kan kujera ɗaya tilo da ke ɗakin. An ɗauke wuta, ta kunna fitila, ta miƙo mini tawul. Iska na ta kaɗo feshi ciki, sai ta tashi ta tura ƙofar ta sa sakata. Ɗana, yau shekara sama da 40 amma har yanzu ina jin ƙarar sakatar nan a kunnena. Ruwa na dukan kwano, ko ihu mutum ya yi ba mai ji. Ta zauna a bakin gado, muka yi shiru, irin shirun da kowa ya san abin da ke cikinsa. Ni da na haddace ayoyi tun ina ƙaramin yaro, ni da nake koyar da yara ranar Lahadi, ko aya ɗaya ba ta zo mini ba. Abin da ya zo mini shi ne, yanzu duk duniya ba wanda ya san inda nake, kuma sai na ji daɗin hakan. Ba zan yi maka ƙarya ba, na riga na miƙe daga kujerar, kuma ba ƙofa na nufa ba.

Sai aka ƙwanƙwasa. Wani ɗan yaro ne na maƙwabta, bai fi shekara 6 ba, wai an aiko shi a ara musu ashana tasu ta jiƙe. Ta zare sakatar ta buɗe kaɗan, yaron ya leƙo ya gan ni tsaye, ya durƙusa ya gaishe ni da ladabi kamar yana gaida mutumin kirki. Kunya ta rufe ni tun daga kai har ƙafa. Kafin ta juyo da ashanar na suri takalmana a hannu na bi ta gefen yaron na faɗa cikin ruwan nan ba takalmi, keken ma ban tuna da shi ba sai da na kusa gida.

Na tarar da kakanka zaune bai kwanta ba. Ya dube ni, jiƙe jagab, takalmi a hannu, ba keke. Bai tambaye ni daga ina ba. Ya daɗe yana kallona sannan ya ce, Yusufu ma rigarsa ya bari. Na fara jin sanyi a raina, sai ya ƙara da cewa, amma shi Yusufu aiki ne ya shigar da shi gidan, kai mene ne ya kai ka? Daren nan na buɗe Farawa sura 39 na karanta kamar ban taɓa gani ba. Ashe an rubuta cewa matar Fotifar kullum sai ta yi masa magana, shi kuma ba kwana da ita kaɗai ya ƙi ba, ko zama kusa da ita ba ya yi. Kuma ranar da ta kama rigarsa, marubucin sai da ya tsaya ya gaya mana cewa ba kowa daga mutanen gidan a ciki. Ka ga ba banza aka sa wannan ba. Haka Dauda a 2 Sama'ila sura 11, lokacin da sarakuna ke fita yaƙi shi ya tura Yowab ya zauna a Urushalima, da yamma ya tashi daga gado yana yawo a kan soro shi kaɗai, daga kallo ɗaya aka kai ga aike, aka kai ga ciki, aka kai ga jinin Uriya. Mutumin da ya rubuta zabura masu yawa kenan fa.

Ayar nan ta 1 Korantiyawa 10:13 da kuke yawan sawa a hotunan wayarku, cewa Allah ba zai bari a jarabce mu fiye da ƙarfinmu ba kuma zai buɗe hanyar fita, gaskiya ce, ni shaida ne, hanyata yaro ne mai neman ashana. Amma ku riƙa haɗawa da aya 12 da ke gabanta, wanda yake ganin a tsaye yake ya yi hankali kada ya faɗi. Kuma ka lura da wani abu da wani tsohon fastonmu ya nuna mana, Yakubu 4:7 ta ce ku yi tsayayya da Iblis zai guje muku, amma da aka zo kan sha'awa Bulus bai ce wa Timoti ya tsaya ya gwada ƙarfi ba, cewa ya yi ka gudu. Shi faston ne ma ya ba mu labarin Agustin, babban malamin ikkilisiya na garin Hippo da ke Aljeriya ta yau, wanda tun yana saurayi yakan roƙi Allah ya ba shi tsabtar rai amma ba yanzu ba tukuna. Mahaifiyarsa Monika ta yi shekaru tana masa kuka da addu'a, sai a shekara ta 386 a wani lambu a Milan ya buɗe Romawa 13 ya ci karo da inda aka ce kada a yi wa jiki tanadi dan biyan sha'awarsa, shekarar da ta biyo aka yi masa baftisma. Kalmar tanadi ɗin nan ce ta tsaya mini. Ni wata 3 na yi ina tanadi, rakiya bayan rakiya, ina cewa ba komai.

Na san abin da za ka ce, Kawu ai waccan wata ce daban, wannan kuwa tawa ce. Toh ba ta zama taka ba tukuna. Na ga auren da ya watse saura sati 2, ba sau ɗaya ba, kuma in an riga an yi ɓarna kusan kullum yarinyar ce ake bari da kayan kunya, namijin ya kaɗe rigarsa ya wuce. Ko auren bai watse ba ma akwai abin da ke biyo baya. Ranar da aiki zai kai ka wani gari ka yi wata guda, tana kwance ita kaɗai za ta tuna irin mutumin da kake in an rufe ƙofa, da abin da ta gani da idonta za ta auna ka. Kakarka takan ce abin da za a ba ka da rana gaban jama'a, me zai sa ka haura katanga da dare ka ɗauka.

Abin da ya fi damuna da ku ma ba ɗakin ba ne. Mu a lokacinmu kafin ka kai ga ɓarna sai ka taka da ƙafarka, wani ya gan ka a hanya, wani ya gaishe ka, kunya ta samu inda za ta kama ka. Ku kuwa ɗakin da sakatarsa suna cikin aljihunku. Ƙarfe 1 na dare mutum na kwance a gidan iyayensa, ƙofa a buɗe, amma yana can cikin WhatsApp ko Instagram inda ba yaron da zai ƙwanƙwasa neman ashana, an gama a goge hira, da safe a fito da Baibul a hammata. Ina ganinku a coci in saƙo ya shigo yadda kuke kifa wayar. Ban ce duk mai kifa waya mai laifi ne ba, amma na san wannan motsin hannun, irinsa na yi da bakina lokacin da nake cewa aiki ne. Kuma mu ma manya da laifinmu, mun saya muku wayoyin muka bar ku da su, ba mu zauna mun gaya muku inda mu muka yi tuntuɓe ba, sai dai mu yi ta faɗa kamar mu ba a taɓa jarabtarmu ba. Wannan labarin ko mahaifiyarka, ƙanwata uwa ɗaya uba ɗaya, ba ta taɓa jinsa daga bakina ba.

Innarku dai ta sani. Kakanka ne ya ce in je in gaya mata da bakina kafin ta ji a wani wuri, dan keken nawa ya kwana a ƙofar ɗakin mutane kowa ya gani. Na gaya mata duka har da miƙewar da na yi daga kujera. Ba ta yi kuka a gabana ba, ta dai yi sati 2 ba ta yi mini magana ba, aka ɗaga bikin, daga baya ta aiko a ce in zo. Ita ta yafe. Wadda har yau take ci mini rai ita ce waccan yarinyar. Na koma ofis na ɗaure fuska, na daina ko amsa gaisuwarta sosai, kamar ita ce ta yi laifin ita kaɗai, alhali ni ne mai alkawari a wuya, ni ne na yi wata 3 ina sa mata rai ban taɓa gaya mata a fili cewa aure zan yi ba. Ba a daɗe ba ta ajiye aikin ta tafi. Ban nemi gafararta ba, ban san inda take ba, ban san ko tana raye ba. Duk ranar da na zo wurin nan a addu'ar Ubangiji, kada ka kai mu wurin jaraba, sai na sa ta a ciki, dan ni ma jaraba na zame mata.

Batun ko akwai ayar da ta ce kada a rufe ƙofa, in ka zo ma buɗe tare mu duba. Ka zo ranar Lahadi bayan an tashi sujada, ka taho da ita yarinyar, Innarku ta ce tun da aka fara maganar nan sau ɗaya ta gan ta kuma daga nesa, tana da maganar da za ta yi da ita su biyu. Ka gaida mahaifiyarka, ka ce mata na ji saƙonta game da ƙafar, da sauƙi.