Oga, in na sa data_race() KCSAN ya yi shiru, ba shi ke nan ba?

Tambayarka ke nan jiya: KCSAN, mai gadin da ke kama CPU biyu suna karo a kan bayani ɗaya cikin kernel ɗin Linux, ya kama wata ƙidaya da CPU biyu ke taɓawa babu kulle (abin da ke sa su shiga ɗaya bayan ɗaya), kana so ka lulluɓe layin da data_race() ka wuce. To, zauna ka ji, ɗana.

KCSAN ya shiga kernel ɗin Linux a siga ta 5.8, a 2020, aikin Marco Elver na Google. Yakan ɗora ido a kan wani adireshi na memory, ya ɗan dakata. In wani CPU ya yi rubutu a wurin cikin wannan ɗan tsakanin, sai ya kai ƙara. Shi kuwa data_race() ba ya gyara komai. Cewa kawai yake yi da KCSAN, "na sani, da gangan ne." Compiler, mai mayar da abin da ka rubuta zuwa umarnin inji, yana nan da 'yancinsa: ya karanta abu sau biyu inda ka rubuta sau ɗaya, ya haɗe karatu biyu, ko ya tsaga rubutu gida biyu. READ_ONCE() da WRITE_ONCE() su ke ɗaure masa hannu.

Saboda haka kafin ka zaɓa, tambayi kanka: in lambar nan ta zo a karkace, wa zai cutu? In ƙidaya ce da za a nuna wa mutum a /proc, inda kernel ke baje bayanansa, ko saƙon binciken matsala, data_race() ya wadatar. In kuwa da ita ake yanke hukunci, misali madauki yana jiran wata tuta ta canza, compiler na iya karanta tutar sau ɗaya ya ajiye a rejista, madaukin ya yi ta juyi ba ranar tsayawa. Nan READ_ONCE() ake so. In pointer ce, wato adireshin wani abu, da za ka bi ka karanta abin da ke bayanta, maganar ta koma kan smp_load_acquire() ko rcu_dereference(). Kuma ka tuna, a injin 32-bit ƙidayar 64-bit tana iya zuwa rabi sabo rabi tsoho, ko da ka sa READ_ONCE().

Sai bayanin da ake rubutawa kusa da layin, wato comment, wanda shi kake gudu. checkpatch.pl, mai duba faci (gyaran da za ka tura), zai yi maka gargaɗi in ka sa data_race() babu bayani, amma shi ko "wannan ba shi da illa" ka rubuta zai ƙyale ka. Ni ba zan ƙyale ka ba. Mai wayarin da ya bar waya a buɗe da gangan yakan rataya takarda ya faɗi layin da take kai. Kai ma faɗi wa ke rubutu a wurin, da kullen da yake riƙe da shi a lokacin. Faɗi abin da ya hana mai karatu ɗaukar kullen, wataƙila hanya ce mai cunkoso da kulle zai rage mata gudu. Sannan faɗi mafi munin abin da zai faru in an karanta tsohuwar lamba. Wanda zai zo bayanka ya fara amfani da ƙidayar wajen yanke hukunci, wannan bayanin ne kaɗai zai tsayar da shi, tunda KCSAN ka riga ka rufe masa baki.

In ka yi iƙirarin marubuci ɗaya ne tak, sa ASSERT_EXCLUSIVE_WRITER() a wurin, KCSAN ya riƙa duba maka gaskiyar iƙirarin.

Je ka karanta access-marking.txt na Paul McKenney, yana cikin tools/memory-model/Documentation. Ka manna rahoton KCSAN ɗin a saƙon commit, wato bayanin da ke rakiyar facin, sannan ka kawo mini facin in gani kafin ka tura.