Kada a sayar da filin tukuna: amsa ga ɗan yayata mai son zama lauyan kamfani

Ɗana, saƙonka ya iso ni, kuma na ga ya fi kyau in amsa a fili, don ba kai kaɗai ne yaron Garwa ko Marwa ko Kuseri da wannan tambaya ke ci wa tuwo a ƙwarya ba. Ka ce kana shekarar ƙarshe ta lisans, wato digirin farko, a fannin shari'a a Ngaundere, kana so ka zo Faransa ka yi master ka zama lauyan kamfani irina, har Yaya, mahaifiyarka, ta fara zancen sayar da filinta. Ka kuma ce abokanka suna cewa wanda ba ya sa baƙar riga ya tsaya gaban alƙali ba lauya ba ne, magatakarda ne kawai.

Abokan naka sun kama gefen gaskiya. A tsarin Faransa, wanda mu ma muka gada, aikin kashi biyu ne. Aboka, wato lauya mai baƙar riga, yana cikin ƙungiyar lauyoyi, yana da ofishinsa, yana kare wanda ya ɗauke shi a kotu. Mu da ake kira jurist ma'aikatan kamfani ne, albashi muke ɗauka ƙarshen wata, uban gida ɗaya gare mu. Akwai ƙofa a tsakani: a nan, wanda ya shekara 8 yana wannan aiki a kamfani yana iya neman shiga ƙungiyar lauyoyi ba tare da ya bi ta makarantar aboka ba. Amma cewa magatakarda ne, wannan kam ba su san aikin ba.

Ɗauki kwantenar da aka sauke a tashar ruwa ta Duwala za a kai Injamena. Jirgin ƙasa ya kawo ta Ngaundere, aka ɗora wa tirela, ta wuce Garwa da Marwa, sai ta kife bayan Mora cikin damina, kayan suka jiƙe. Asarar wa ke nan? Ta mai sayarwa, ta mai saye, ta mai mota, ko ta kamfanin inshora? A wace kotu za a yi ƙarar, da dokar wace ƙasa? Aboka zai zo bayan an yi ɓarnar. Ni kuwa watanni kafin nan nake zaune da kwantiragin mai shafi talatin da jan biro, ina neman layin da ya faɗi inda alhakin kaya ke barin hannun wani ya koma na wani. Sau da yawa layin ba ya nan, ko an kwafo shi daga wata takarda da ba ta dace ba. Gyara wannan layin shi ne aikina, tun ran gini ran zane. In na yi shi da kyau ba wanda zai yaba mini, saboda rigimar ba ta taso ba balle a gani.

Abin da nake so ka riƙe da hannu biyu shi ne cewa jarin wannan sana'a yana gabanka a gida. Tun 17 ga Oktoba 1993 aka sa hannu kan yarjejeniyar OHADA, ƙungiyar daidaita dokokin kasuwanci a Afirka, a Port-Louis ta ƙasar Mauritius, yau ƙasashe 17 ke bin dokar kasuwanci iri ɗaya, har da Kamaru da Chadi da Nijar. Sakatariyarta tana Yawunde, babbar kotunta tana Abijan. Dokar kamfanoni da aka sabunta a 2014, da ta jingina, da ta karɓo bashi, da ta jigilar kaya ta mota, duk abin da ka iya a Ngaundere zai yi maka aiki a Dakar ko Kinshasa. A nan Faransa na sha ganin manyan lauyoyi suna neman wanda zai bayyana musu yadda ake rajistar jingina a ƙasashenmu, kuma ba a samun irinsa da sauƙi.

Duk inda kuɗi ke shiga da gudu, takarda a baya take biyowa, kuma a wannan giɓin ne ake buƙatarmu. Dubi kewayenka. SODECOTON, kamfanin auduga, tana nan Garwa da dubban manoma da take bai wa taki da iri bashi. Ga siminti a Figil. Ga bankuna da kamfanonin tura kuɗi ta waya, waɗanda COBAC, hukumar kula da bankunan Afirka ta Tsakiya, ke sa wa ido. Tun 2019 sabuwar dokar canjin kuɗi ta BEAC, babban bankin ƙasashen Afirka ta Tsakiya, ta sa ko biyan mai kaya a waje sai da tarin takardu, kuskure kaɗan a ci kamfani tara. Bututun mai daga Doba a Chadi zuwa Kribi a gaɓar tekun Kamaru, kilomita 1,070, yana aiki tun 2003, kuma ka ga abin da ya faru da ExxonMobil ta sayar wa Savannah Energy kasonta a ƙarshen 2022: cikin Maris 2023 gwamnatin Chadi ta mayar da kadarorin mallakar ƙasa, maganar ta tafi gaban masu sasanci a Faris. Rigima irin wannan a kan 'yan layukan kwantiragi take juyawa.

Amma abin da ya fi taɓa zuciyata ba waɗannan manyan ba ne. Alhazanmu ne. Mutum ya fara da shago ɗaya a babbar kasuwa, yau yana da tireloli ashirin da gidajen mai, yana sayo kaya daga Dubai da Guwanzu, amma har yanzu aljihunsa da asusun kasuwancin abu ɗaya ne. Yana ba da kayan miliyoyi bashi da "Allah ya kai mu bayan salla". Amana abu ne mai kyau, da ita iyayenmu suka gina komai. Sai dai ranar da mai bashi ya noƙe, hanyar gaggawa da OHADA ta tanada don alƙali ya ba da umarnin biya tana buƙatar shaidar cewa bashin tabbatacce ne, an san adadinsa, lokacinsa ya yi. Ranar da Alhaji ya rasu kuma, 'ya'ya goma sha biyar za su raba motocin ɗaya-ɗaya, cikin shekara kaɗan ba motar ba sunan. Alhali a Kamaru da jarin sefa dubu 100 ana iya kafa SARL, wato kamfani mai rajista wanda dukiyarsa daban take da ta masu shi, kamfanin ya ci gaba da aiki, magada su raba hannun jari bisa shari'a. Wa zai zauna da Alhaji a kan tabarma ya fahimtar da shi wannan da Hausa ko Fulatanci, cikin ladabi, ba tare da ya ji ana yi masa fatan mutuwa ba? Ba wanda aka aiko daga Faris ba. Kai ne.

Akwai kuma ɗacin aikin, ban ɓoye maka ba. Mutumin da za ka ce wa "a'a" shi ne mai sa hannu a albashinka. A wani kamfani da na yi aiki, shugaban sashen ciniki ya ajiye mini takarda yana so a biya wani ɗan tsakiya kamasho mai tsoka kafin yamma. Na tambayi aikin da mutumin ya yi, ba amsa. Na tambayi dalilin da asusunsa yake wata ƙasa ta uku, sai ya fara ɗaga murya. Ban sa hannu ba, na rubuta dalilina na aika sama, kuma na daɗe ina shan kallon banza a ofis. Dokar Amurka ta 1977 da ta Ingila ta 2010 da ta Faransa ta 2016 duk suna bin kamfani har Afirka a kan cin hanci. A 2022 Glencore, babban kamfanin cinikin mai da ma'adinai, ta amsa laifin ba da rashawa a ƙasashe da dama, har da Kamaru, aka ci ta tara mai nauyi a Landan. Ka kuma sani sirrinmu bai kai na aboka ƙarfi ba: a 2010, a shari'ar Akzo Nobel, kotun Tarayyar Turai ta ce masu binciken gasar kasuwa na Tarayyar suna iya karanta shawarar da lauyan cikin gida ya rubuta wa shugabanninsa. In zuciyarka ba za ta ɗauki wannan ba, gara ka sani tun yanzu.

To, batun zuwa. Tun 2019 aka sa kuɗin rajistar master ga wanda ba ɗan Tarayyar Turai ba a yuro 3,770 a shekara, kusan sefa miliyan biyu da rabi, daga baya ma an ƙara, ko da yake wasu jami'o'in suna sassautawa. Kafin biza sai ka nuna kana da kuɗin zama na kowane wata, wanda a 2019 aƙalla yuro 615 ne, sama da sefa dubu 400, kuma hayar ɗaki a manyan birane za ta cinye yawancinsa. An yarda ɗalibi ya yi aikin awa 964 a shekara, amma karatun shari'a ba ya son mai raba hankali. Bayan ka gama, za ka yi takara da 'ya'yan ƙasa a kan dokarsu, a harshensu. Na ga yaranmu masu ƙwazo da master a hannu suna gadin kanti da dare, kunya ta hana su komawa.

Shawarata ita ce ka gama lisans da maki mai kyau, ka yi shekarar farko ta master a dokar kasuwanci a gida, Ngaundere ko Sowa kusa da Yawunde. Ka nemi horon aiki a banki ko kamfanin jigila, ko ba biya, ka ga kwantiragi na gaske da idonka. Ka dage da Ingilishi, domin Nijeriya ba ta cikin OHADA, dokarta ta Ingila ce asali, kuma kullum kaya na ƙetarawa ta Mubi da Yola. Mai Faransanci da Ingilishi da Hausa, wanda ya san tsarin biyu, kamfanoni ne za su neme shi. Ka ɗan koyi karanta lissafin kamfani ma. Bayan haka, in har kana so, ka nemi shekara ta biyu ta Campus France, hukumar da ake neman gurbin karatu a Faransa ta hannunta, shekara ɗaya tak, a fanni takamaimai kamar sasanci ko haraji ko dokar man fetur, ka nemi tallafin karatu tare.

Ka gaya wa Yaya ta bar filinta, zan kira ta da kaina ranar Juma'a. Kai kuma ka turo mini takardun makinka na shekaru biyun da suka wuce, mu duba jami'o'in da suka dace da kai.