Tambaya da Amsa: Mayar da Tsohuwar Amiga Cikin Dogon Akwati

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya zo da kwamfuta Amiga 1200 daga Ingila a 1993, kuma har yau tana tashi. Na sa mata katin ƙara gudu, amma in ta jima a kunne sai ƙasanta ya ɗau zafi ta tsaya cak. Ina da dogon akwatin kwamfuta irin na tsaye da ba na amfani da shi. Zai yiwu in mayar da ita ciki? Aminu, Samaru, Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam Malam Aminu. Allah ya jiƙan Baba, ya kai haske kabarinsa. Zai yiwu, kuma ba kai ne farau ba. Kamfanin Commodore ya fitar da wannan kwamfuta a 1992, ya durƙushe a 1994, masu ita a Turai suka yi ta mayar da ita dogon akwati don su samu wurin ƙara mata kaya. An gina ta ne madabod, wato babban allon da kayan cikinta ke manne a kai, da kibod duk a gida ɗaya, babu fanka, ba zafin ƙasarmu aka yi wa lissafi ba. Zafin Zariya a watan Afrilu kuwa sai wanda ya sha shi.

Amma kafin ka taɓa akwati, duba kafasito, wato 'yan ƙananan kayan da ke ajiye cajin lantarki. Ƙananan kafasiton da ke manne a madabod ɗin 1200 sun yi ƙaurin suna wajen yoyo, ruwansu yana cin layukan tagulla a hankali ba tare da ka sani ba. Ka haska da tocila, in ka ga dalmar da ke gefensu ta dushe ko ta yi kore, ciwon ya fara. Ko ba ka ga komai ba, shekara talatin ta wuce, a canja su duka. Ka nemi mai gyaran waya a Sabon Gari ko PZ wanda hannunsa ya saba da ƙananan kaya, ka zauna kusa da shi, ka hana shi fizgo su da filaya.

Sai wuta, nan ne nake jin tsoro. Tsohon fawa-fak ɗinta, wato akwatin da ke ba ta wuta, ba shi da ƙarfin ɗaukar ƙarin kati, mai yiwuwa ma shi ne rabin matsalarka. Na dogon akwati, wato ATX, zai wadatar, domin layi uku take buƙata: bolt 5 a jar waya, bolt 12 a ruwan ɗorawa, da 12 na ƙasa da sifili a shuɗiya, wanda sauti ke dogara da shi. Baƙar waya ita ce ƙasa, wato layin sifili. Ba zai tashi ba sai an haɗa koriyar waya da baƙa, nan za ka sa makunni. Don Allah ka auna kowane layi da mita kafin ka jona. In 12 ta shiga gurbin 5, shi ke nan, kuma cif-cif ɗin da ke kan madabod ɗin, wato ƙananan ƙwaƙwalen kwamfutar, an daina ƙera su tuntuni.

Ramukan madabod ɗin ba su dace da na akwatin PC ba, kuma dogo ne, yawancin kafofinsa a jere a baya. Ka auna da tef tukuna. Mai walda zai yanka maka bayan akwatin, amma madabod ya zauna a gida, takarda za ka zana ka kai masa. Ka ɗora shi kan 'yan ƙafafun roba kada ya taɓa ƙarfe. Kibod zai buƙaci adafta ta musamman, haka kafar PCMCIA da ke gefe, inda ake cusa kati daga waje, tana son adafta mai lanƙwasa. Fulofin PC, wato injin karanta faifan ajiya, ba ya aiki da ita kai tsaye, ka riƙe nata na asali. Monita ma ka ci gaba da wadda kake amfani da ita, yawancin na VGA, wato irin na PC, ba sa karɓar hotonta.

Ka sa fanka ɗaya tana hura katin, ka toshe mashigar iska da siririn soso saboda ƙurar hunturu, ka riƙa wanke shi. Kada ka jona ta da wutar NEPA ko janareta babu sitabilaiza.

Abu ɗaya nake roƙonka da shi: kada ka yanka tsohon gidanta, kada ka huda madabod. Yi aikin yadda duk ranar da ka so za ka iya mayar da ita kamar yadda Baba ya zo da ita. Ka naɗe gidan da kibod ɗin a leda, ka ɗaure notinansu tare, ka ajiye inda rana ba ta kaiwa, don robar irin wannan tana komawa rawaya kuma tana saurin tsagewa.