Rada ta kama ni a wurin gyaran hanya, alhali ko lebura ɗaya babu

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni direban motar haya ne, ina jigila tsakanin Garwa da Marwa a Kamaru. A wani wuri da ake gyaran hanya an kafa allon iyakar gudu na kilomita 30 a awa, aka tare ni aka ce rada, wato na'urar auna gudun mota, ta nuna ina kan 72, na biya tarar sefa 25,000. Ranar babu ma'aikaci ko ɗaya a wurin. Yanzu kuma ana raɗe-raɗin za a kawo na'urori masu ɗaukar hoton mota da kansu. Shin wannan ba cin kuɗin talaka ba ne? Wa ke biyan kuɗin na'urorin? In aka ci gaba haka, abin da nake kai wa mai mota ma zai gagare ni.

Amsa: Wa alaikumus salam, malam direba. Jaka 25 ba ƙaramin kuɗi ba ne ga mai motar haya, Allah ya mayar da alheri. Amma 72 a inda aka rubuta 30 ba kuskuren na'ura ba ne. Radar da aka ajiye a gefen hanya a karkace take hango mota, kuma wannan karkatar rage abin da take karantawa take yi, ba ta ƙarawa.

Maganar cewa babu ma'aikata, ita ce ke ɗauke rayuka. Allon 30 ba don lebura kaɗai aka kafa shi ba, don ƙasar da ke ƙarƙashin tayarka ne. Hanyar ratse burji ce, ga tsakuwa a warwatse, ga ramin kwalbati a buɗe, ga gefen da aka yanke bai da kafaɗa. Waɗannan ba sa tashi daga aiki ranar Lahadi.

Ga kuma karatun da ake yi wa yaran mota a tasha, wai gargadar burji maganinta gudu: ka kai 70 ko 80, mota ta daina jijjiga. Gaskiya ne jijjigar tana raguwa, kuma nan ne hatsarin yake. Ta ragu ne saboda taya ta daina shiga kwarin gargadar, tana tsalle daga tudu zuwa tudu, wani lokaci a iska take. Tayar da ba ta dafe ƙasa ba, birki bai kama ta, sitiyari bai juya ta. Direba yana jin daɗin kujera, yana zaton mota na hannunsa, alhali ta riga ta ƙwace. Da ya taka birki ko ya kauce wa akuya, sai baya ya zagayo gaba.

Mu yi lissafi. Daga ganin abu zuwa taka birki, mutum mai lafiya yana cin kamar daƙiƙa ɗaya. A kan 30, mota ta ci mita 8 a wannan daƙiƙar, birki a kan burji ya ƙara kamar 9, ka tsaya cikin mita 17. A kan 60 sai ka ci fiye da mita 50. A kan 80, kusan mita 85. In ka ninka gudu sau biyu, tazarar birki sau huɗu take ninkuwa. Wannan fa mota ce mai tayoyin kirki, ba wadda aka ɗora wa buhunan albasa a kai ba. Sa'an nan ga ƙurar tirela a lokacin hunturu, wadda ba ka ganin mita 20 a cikinta. To me ake sauri a kai? Ratse mai kilomita 5 minti 10 ne a kan 30. A kan 70 minti 4 da 'yan daƙiƙu. Ribar ba ta kai minti 6 ba.

Masu rataya faifan CD a madubi wai yana rikita rada, su huta, bai hana komai. Shafa laka a lamba kuma wani laifin ne na daban.

Batun kuɗi, a nan kana da gaskiyar yin tambaya. Sayen na'urar shi ne mai sauƙi. Dole a riƙa gwada ma'auninta lokaci-lokaci a ba ta takardar shaida, ga batir da sola, ga gadi, ga ma'aikatan da za su duba kowane hoto, ga ofishin sauraren ƙorafi. Duk daga baitulmali, wato daga harajinka da harajin kowa. Faransa ta fara rada mai aiki da kanta a 2003, ta kawo ta wuraren aikin hanya a 2015, kuma tsarin ya tsayu ne don takardar tara tana samun mai mota har gida. A nan, mota nawa aka sayar hannu uku, takardar tana ɗauke da sunan mai ita na farko? Manyan motocin da ke bin hanyar Duwala zuwa Njamena da lambar Chadi, ko masu shigowa da lambar Najeriya, ina za a aika musu? In ba a gyara rajistar motoci ba, na'urar za ta tara hotuna ne kawai, jama'a su biya.

Kuma radar da ke aiki da kyau kuɗin tararta raguwa yake yi, domin mutane sun rage gudu. Duk hukumar da ta sa ta cikin lissafin kuɗin shiga ta ɓata tun daga tushe. Ribarta tana wajen abin da ba a kashe ba: gadon asibiti, motar da ba ta kife ba, da sabon shimfiɗin tsakuwa da gudu ke ɓarewa kafin kwalta ta riƙe, a sake biyan ɗan kwangila.

Masu aikin ma da nasu laifin. Ba a sauke mutum daga cikakken gudu zuwa 30 da allo ɗaya. Mataki-mataki ake yi, 70, 50, sai 30, da allon gargaɗi tun daga nesa, da wanda ke nuna ƙarshen wurin aiki. Allon da aka manta bayan an kwashe kaya da watanni shi ke koya wa direbobi raina kowane allo.

In an sake tare ka, nemi a nuna maka adadin a fuskar na'urar, ka ɗauki hoton allunan da ka wuce, kada kuma ka ba da ko dala sai da rasidin gwamnati mai lamba da hatimi. Kuɗin da aka karɓa ba rasidi bai isa baitulmali ba, kuma ba ka da abin kai ƙara da shi.