Kamfas ya zauna a aljihu tukuna

Isiyaku, ka ce sababbin yaran nan uku da na bar maka ka koya musu bin hanya da taswira ba su san gabas ba balle yamma, kana tambaya ko ka fara raba musu kamfas, na'urar nan mai allura da ke nuna arewa. A'a, ɗana. Kamfas ya zauna a aljihunka tukuna.

Ka fara da wurin da suka sani, filin makaranta ko gefen Murtala Square. Ka zana taswirar wurin da hannunka, santimita 1 a takarda ya zama mita 20 a ƙasa. Kowa ya ɗora babban yatsansa daidai inda yake tsaye, yana tafiya yatsa na bin sa. In zai juya, shi ne zai zagaya takardar, ita kuwa arewarta kullum tana kallon arewa. A nan yawancinsu ke tuntuɓe: za ka ga yaro ya riƙe taswira kamar mai karanta jarida, katanga na hannun damansa amma a takarda tana hagu, kuma ko a jikinsa.

Yadda za ka tsara fitar shi ne abin da na fi so ka kama. Kada ka jera musu alamomi goma ka ce su bi su dawo. Wanda ya kauce tun a ta biyu zai yi ta bulayi har azahar, bai koyi komai ba sai haushinka. Ka tsaya a tsakiya, ka kafa alamomi shida kewaye da kai, babu wadda ta wuce mita 200. Ka tura yaro guda ga alama guda, ya karanto harafin da ka rubuta a jikinta, ya dawo ya nuna maka a takarda ta inda ya bi. Kuskurensa zai fito tun yana da ɗumi. Mutanen Norwe da Suwidin, waɗanda suka mayar da neman alama da taswira gasa (ta farko ta jama'a a Norwe aka yi, a 1897), ƙyalle fari da ruwan lemo ake rataya wa masu yin ta yau. Kai tsohon buhu da fenti ya ishe ka. Sai dai kada ka ɓoye alama cikin ciyawa don gwaninta. Wanda ya iso wurin daidai dole ya gan ta.

Daga nan sai taku. Ka ja tef mita 100, kowa ya ƙirga duk saukar ƙafarsa ta dama. Galibi tsakanin 60 da 70 za su samu. Su sake a hawa, su sake a yashi, kowa ya rubuta nasa.

Sai yanzu kamfas. Gwajin farko su nemo alƙibla, don daga Kaduna kusan digiri 67 take daga arewa, ba gabas sak ba. Su nisanci mota, turken awo na ƙarfe da wayar wuta, su ajiye wayar hannu, duk suna jan allura. Ka kuma sa su lissafa da kansu: kuskuren digiri 1 a tafiyar kilomita 1 yana kai mutum mita 17 gefe. Digiri 5 kuwa ya kusa mita 90.

Shi ya sa ake kaucewa da gangan. A ce alama tana bakin Kogin Kaduna. In ka nufe ta kai tsaye ka iso ruwa ba ka gan ta ba, hagu za ka bi ko dama? Ba ka sani ba. Amma in tun farko ka karkata dama kaɗan, da ka iso gaɓa ka san hagu za ka yi.

Atisayen dogon zango ka bar shi sai an yi hazo, lokacin da ba a hango dutse ko dogon bene daga nesa, dole yaro ya dogara da allura da takunsa. Ka ba kowa usur da lokacin dawowa, ka faɗa musu ɓangaren da za su nufa su fito titi in sun rikice. Bayan gari kuwa, da yadda hanyoyi suke, ba inda za ka kai min su sai ka gaya min, ka kuma gaisa da mai unguwa. Ranar Asabar ka kawo taswirar da ka zana in duba kafin ka kafa ko alama ɗaya.