Gidan wankan da ya zama gidan tarihi: yaya suka yi da laima?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikaci ne a wani ƙaramin gidan adana kayan tarihi. Bara Allah ya nufe ni da zuwa Iran, aka kai mu gidan wankan Ganjali Khan da ke birnin Kirman, wanda aka mayar wurin nuna al'adun mutanen yankin. Ya burge ni ƙwarai, amma na dawo da tunani, don mu ma ana shirin kwashe kayanmu zuwa wani tsohon gini wanda gindin bangonsa kullum a jiƙe yake. Ɗan kwangila ya ce a bar masa, zai yaɓe shi da siminti ya bi da fentin mai, shi ke nan. Wallahi hankalina bai kwanta ba. Su can yaya suka yi da laima a ginin da asalinsa na ruwa ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Gara da hankalinka bai kwanta ba.

Ginin da ka gani an yi shi ne wajen 1611, lokacin da Ganjali Khan ke gwamnan Kirman a ƙarƙashin sarkin Iran Shah Abbas na Ɗaya, aka mayar da shi gidan tarihi a 1971. Ka tuna yadda ka shiga: daga kasuwa ka bi wani lungu mai lanƙwasa, ka faɗa babban zauren tuɓe kaya da suke kira sarbine, ka sake bin wani lungun kafin ɗakin zafi. Lanƙwasar nan dabara ce, don kada zafi ya tsere, kada iskar waje ta buge wanda ya fito daga wanka. A ƙarƙashin daɓen ɗakin zafi akwai ƙananan hanyoyin hayaƙi da suke kira hanyar kyanwa, wutar murhu ke bi ta cikinsu. Inda ruwa ke kwanciya kuma sun shafe shi da saruj, haɗin farar ƙasa da toka da yumɓu. Wato maginan sun san inda ruwa zai zauna, sun kuma bar masa hanyar fita.

Ranar da aka kashe wutar nan lissafin ya canja. Irin waɗannan gidajen wanka ana nutsa su ƙasa da titi, don ruwa ya gangaro da kansa, zafi kuma ya daɗe. Babu wuta, bango ya huce, sai ya koma tsotson laimar ƙasa. Saboda haka ko a can matsalar ba ta mutu ba, lallaɓa ta ake yi. Abu biyu ya taimaki Kirman: garin busasshe ne a bakin hamada, sannan dubi abin da suka baje. Mutum-mutumin kaki ne, irin na kyandir, da kwanonin jan ƙarfe, da dutsen goge ƙafa, da sauran tarkacen wanka, sai shi kansa ginin da tayil ɗinsa da zanensa. Akwai siffar dallak yana cuɗa mutum. Shi ne wanzaminsu, aski da ƙaho duk nasa ne. Kaki da dutse ba su damu da laima kamar fata da takarda ba.

To mu dawo kan simintin nan, don shi ne abin da ke hana ni barci.

Kusan duk inda aka kira ni duba tsohon gini, maganar ɗaya ce: a toshe shi da siminti ruwa ya daina shiga. Ruwan da ke gindin bango ai ba daga waje yake bugowa ba, daga ƙasa yake hawa, kamar yadda kananzir ke bin lagwani. Bangon ƙasa ko na jan bulo da farar ƙasa yana shan ruwan, yana fitar da shi ta fuskarsa, iska ta kwashe. Ka lulluɓe fuskar da siminti da fentin mai, ruwan bai fasa hawa ba, ƙofar fita kawai ka rufe masa. Sai ya ƙara yin sama, ya ɓullo a saman inda yaɓen ya tsaya, ko ya juya ta cikin ɗaki, daidai inda ka jingina akwatin kayanka. Kuma ba shi kaɗai yake tafe ba, da gishirin ƙasa yake hawa. Gishirin da da zai fito fili ya yi fari a share shi da tsintsiya, yanzu a bayan siminti yake daskarewa, yana kumbura, yana niƙe bangon daga ciki. Shi kansa simintin yana ƙara nasa gishirin, ga shi da tauri, ba ya motsi tare da bangon da ke bayansa.

Na taɓa zuwa wani gini shekara uku bayan an yi masa irin wannan gyara. Daga nesa sumul, kamar sabon banki. Na ƙwanƙwasa bangon da makullin mota, ya amsa kamar ganga. Na sa yatsa a wata tsaga na ja, sai ga ɓawon siminti ya taso kamar ƙanzo, bayansa ƙasa ce jiƙaƙƙiya tana zubowa a tafin hannuna. A ɗakin akwai sirdi da jakunkunan fata, duk fumfuna ta yi musu riga. Wanda ya yi aikin ya daɗe da karɓar kuɗinsa.

Abin da ke ba ni haushi, ba rashin sani ne kaɗai ba. Siminti yana da kuɗin buhu da za a rubuta a takarda, yana bushewa kafin ranar yanke ƙyalle, yana kyau a hoto. Yaɓen farar ƙasa ko makuba yana son magini mai haƙuri da kuma a riƙa sabunta shi, shi kuwa ofis ba ya son aikin da ba a buɗe shi da biki. Tun 1964 Yarjejeniyar Benis kan adana gine-ginen tarihi ta ce ba a komawa ga dabarar zamani sai ta gargajiya ta gaza. Masu gyara a ƙasashe da dama yau kuɗi suke kashewa suna ɓanɓare simintin da aka shafa a ƙarnin da ya wuce, mu kuma muna layin saye.

Kai dai fara da neman inda ruwan ke fitowa. Sau da yawa indararo ne ke zuba a gindin bango, ko bututu ya fashe, ko an ɗaga titi ya fi daɓen ginin tudu. A gyara wannan, a janye ƙasar da ta taru a jikin bango, a bar shi ya sha iska. Ka sa na'urar auna laima a kowane ɗaki, ka riƙa rubutawa safe da yamma, daga damina har hunturu. Ɗakin da ke zarce kashi 65 cikin 100 yana daɗewa a haka, kada tufa ko fata ko rubutun hannu su kwana cikinsa. Tagulla ma ka sa mata ido: in ka ga kore-kore mai laushi kamar gari, ciwo ne, ware ta. Akwatunan nuni su bar jikin bango da kamar kamu ɗaya, a ɗora su kan ƙafa.

Ɗan kwangilar kuma ka ce ya kai ka ginin ƙasa ɗaya da ya yaɓe da siminti shekara biyar da suka wuce. Ka tafi da makullinka.